Sabon Hannun Garmahon Gwaggo Barira

Hannun garmahon Gwaggo Barira ya karye a satin da Nijar ta samu mulkin kai. Ba wanda ya bangaje shi. Tsufa ne. Ta ɗaga shi za ta ɗora a kan faifai, ya ɓalle daga gwiwa, kan da ke riƙe allura ya faɗi ƙasa ya tsage. A waje samarin Gidan Rumji na ta zagaya gari da tuta da kalangu. Ita kuwa ta zauna da guntun ƙarfe a hannu, ba ta ko leƙa ba.

Faifai ɗaya gare ta. Mijinta Nomau makaɗin noma ne, irin waɗanda ke bin gayya da ganga suna zuga manoma. Shekara shida da suka wuce wani Nasara ya zo da mota da na'ura, ya zaunar da shi a gindin gawo ya sa shi waƙa biyu, ya yanka masa su nan take a faifai, kowace fuska waƙa ɗaya, ya miƙa masa ya wuce. Faifan ba irin na kanti ba ne. Farin ƙarfe ne marar nauyi da aka shafe da wani baƙin abu mai taushi, ko farce ka sa sai ya bar shaida. Abu ɗaya Nasaran ya faɗa ta bakin tafinta: kada allurar ƙarfe ta hau shi.

Nomau ya riƙe maganar. Ya ba wani tsohon soja rago ya karɓi garmaho, ya riƙa yanko ƙayar aduwa yana shanyawa, ya goga bakinta a dutse, ya ɗaura a gurbin allura. Ƙaya ɗaya, fuska ɗaya. Muryar kan fito ƙasa-ƙasa, kamar mutum na waƙa a bayan danga. Da ya rasu, Gwaggo Barira ta gaji garmahon da gwangwanin ƙaya. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta ji fuskar farko, ta ji ta biyu, ta naɗe faifan a tsohon rawaninsa. Shekara biyu ke nan ba fashi.

Wada ɗan ƙanenta ne, a gidan ya tashi tun yana maraya. Ya yi kolej a Maradi, ya faɗi jarrabawar ƙarshe, ya dawo gida da akwati da shiru. Abokan karatunsa na ta shiga buro, wato ofisoshin gwamnati, tunda Nasara na tattara nasu ya nasu, kujeru na neman masu zama. Shi yana gona yana maimai. Ba ya yawan magana, in ma ya yi ba ta daɗi.

"Kai za ka tahi Maradi," in ji Gwaggo ranar Lahadi. Ta miƙa masa karyayyen hannun da kuɗi a ƙulle bakin ƙyalle. "Kai ka san abin ga. Ka zaɓo mai kyau. Ka dai tuna shi ya ce ban da ƙarfe."

Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ko yana raye. Shi, kawai.

"Na ji, Gwaggo."

Ya ji ɗin. Amma a ransa maganar ƙarfen nan canfi ce, irin su kada a miƙa wa mutum wuƙa hannu da hannu, kada mace mai ciki ta fita da tsakar rana sai da ɗan ƙarfe a ɗankwali. A kolej malaminsu, da suke ce wa mushe, yana da garmaho, allurar ƙarfe yake sa wa, Wada bai ga faifai ko ɗaya ya mutu ba.

Ya bi kamyo, babbar motar kaya, ranar Litinin, ranar kasuwa. Mai gyaran garmaho da agogo da fitilar gas yana bayan tasha, wani Bayarabe mai suna Shu'aibu wanda a Maradin aka haife shi. Yana ganin zanen Gobir a fuskar Wada ya buga cinya.

"Bagobiri! Wa ya kwance ka? Shigo, bawana, amma ka kula da ƙafafun nan na noma, kada ka taka mini faifai."

"Bawa ne ke gyara, ubangiji na kawowa," in ji Wada, ya ajiye hannun a kan tebur.

"Ji bakinsa. Ashe yana magana." Shu'aibu ya juya karyayyen ƙarfen, ya girgiza kai. "Wannan ba ya ɗinkuwa. Ƙarfen ya ruɓe, in na sa masa wuta narkewa zai yi kamar kitse. Sai wani. Biyu gare ni da za su zauna a gindin naka."

Ya fito da su. Na farko tsoho ne da ya ciro daga wani mataccen garmaho, siriri, fentinsa ya goge, kansa ƙarami, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a gindi mai rage masa nauyi. Na biyu sabo fil, a takardarsa. Yana ƙyalli har Wada ya ga fuskarsa a jiki. Kansa ya kai murfin kwano, in ka ɗora a tafin hannu ka san ka ɗauki abu. Da shi ake ba da ɗan gwangwanin allurai masu kauri.

"Wannan in ya yi magana har Tibiri sai an ji," in ji Shu'aibu. "Amma faɗa mini, wane irin faifai za ka sa?"

"Faifai dai."

"A'a, Bagobiri, faifai ba ɗaya ba ne kamar tuwonku. Akwai na kanti, mai tauri kamar kasko, wannan ko ƙusa ka sa masa zai jure. Akwai wanda ake yankawa nan take, mai farin ƙarfe a ciki. Shi wannan sabon hannun fere shi zai yi kamar rogo. Tsohon ne nasa, da ƙaya ko tsinken gora. Wanne gare ka?"

Wada ya buɗe baki. Sai aka dafa shi ta baya.

Balarabe ne, wanda suka zauna benci ɗaya shekara huɗu. Farar riga mai gajeren hannu, alƙalami biyu a aljihu, agogo a hannu ya kawo a sa masa gilashi. Sati uku ke nan da ya fara aiki a buro. Suka gaisa da Faransanci. Balarabe ya dubi tebur, ya yi dariya.

"Kai, garmahon nan na nan? Wanda ka ba mu labari? Ko har yanzu da ƙaya kuke kiɗa a Gidan Rumji? An samu mulkin kai fa, Wada. Ka gaya musu."

Shu'aibu yana jira.

"Na kanti ne," in ji Wada. "Naɗe mini sabon."

Shu'aibu ya dube shi ɗan lokaci, sannan ya naɗe.

A kamyo, tsakanin buhunan gishiri da wata tunkiya, Wada ya yi ta shari'a da kansa. Bayaraben so yake ya rabu da tsohon ƙarfe. Nasaran ma wataƙila tafinta ne ya karkata maganarsa. Ai allura siririya ce, me za ta ci? Kafin su wuce Tibiri ya ci shari'ar. Amma hannunsa bai bar taɓa ƙunshin ba, nauyinsa kuma bai ragu ba.

Washegari da la'asar ya ɗaura hannun. Ya zauna daram. Gwaggo Barira ta shafa shi da yatsu, don idanunta sun yi rauni, da taɓawa take gani.

"Kai, wanga kamar madubi." Ta buɗe gwangwaninta ta miƙo masa ƙaya.

"An wuce nan, Gwaggo."

"Shi dai ya ce ban da ƙarfe."

"Wancan ƙarfen da ne. Wannan na zamani ne, don shi aka yi shi."

Ta riƙe ƙayar a sama kamar ba ta san inda za ta ajiye ba. Sannan ta mayar a gwangwani.

"To. Kai ka yi lakol, kai ka san boko."

Ya juya mariƙi har ya yi tauri, ya saki birki, ya sauke allura.

Ganga ta tashi kamar a tsakar gidan ake dukanta. Kaji suka watse. Sai muryar Nomau, ba daga bayan danga ba, nan kusa, da kaushinta da numfashinta:

"Sunkuya, namijin hauya,
Ƙasa ba ta gaisawa da na tsaye."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu," ta ce. "Ga shi nan. Ga shi nan."

Tala, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan danga da muciya a hannu. "Barira! Ya dawo ne? In ya dawo ki ce ya biya ni zakarana da gangarsa ta kora rijiya!" Ba ta jira amsa ba ta zagayo. Mata suka biyo ta da goyo. Tsofaffi biyu da suka yi noma a gaban gangar Nomau suka tsaya a zaure suna gyaɗa kai.

A tsakiyar waƙar akwai wani wuri. Ranar da aka ɗauka, wani jaki ya yi kuka a bayan gawon, Nomau ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, ya ce "To, ga ɗan amshi ya iso," ya ci gaba. Wurin nan Gwaggo ke jira kowace Juma'a. Da ƙaya, dariyar kan zo kamar tari. Yau ta zo sarai, har da jan numfashin da ke bayanta. Gwaggo ta yi dariya da hawaye tare, ta rufe fuska da gefen zane.

Wada bai ɗaga kai ba. Shi kaɗai ke durƙushe a kan garmahon, shi kaɗai ya ga abin. Wani siririn baƙin zare na fita daga ƙarƙashin allura yana nannaɗewa kamar gashi. Duk inda allurar ta wuce, baƙin faifan ya dushe ya koma toka-toka.

Yatsa ɗaya ya isa ya ɗaga hannun. Yatsan na nan kusa. Ya dubi Gwaggo, ya dubi matan, ya bar shi ya kai ƙarshe.

"Sake," in ji Gwaggo.

"Sake, ɗan lakol!" in ji Tala. "Yau ka yi abin kai. Wa ya ce karatunka ya tahi banza? Ni dai ban ce ba, sai dai in a bakin rijiya."

Aka yi dariya. Tun da ya dawo daga kolej ba a yi dariya da shi a tsakiya ba sai dai a bayansa. Ya hure zaren, ya canza allura, ya sauke.

A karo na biyu muryar na nan, amma da ɗan ƙasa a ciki. A karo na uku Tala ta karkata kunne.

"Ruwa aka fara a ciki ne? Ina jin yayyafi."

"Ƙura ce," in ji Wada.

Yanzu a wurare biyu yana ganin farin ƙarfe na leƙowa ta cikin layukan.

"To juya muna ɗaya fuskar," in ji Gwaggo. "Ta komawa gida. Su ji yadda yake sauke murya."

Wada ya ɗora tafin hannu a kan faifan.

"Cikin garmahon ya yi zafi. Sabon hannu ne, sai ya huta. In aka matsa masa zai tsinke."

"A'a, kada a matsa masa," in ji Gwaggo da sauri. "Juma'a na nan. Ku dawo Juma'a, ku duka."

Shi ya naɗe faifan a rawani, ya kife ɓatacciyar fuskar ƙasa. Ya tsince baƙin zaren daga tabarma ya zuba a aljihu.

Laraba ya wuni a gona. Alhamis ma haka. Gero ya kai ƙugu, ciyawa ta yi yawa, ya yi ta sara kamar wanda aka sa wa ganga. Aikin bai hana shi tunani ba. Fuska ɗaya ta tafi. Ɗaya ta rage, kuma da bakinsa ya ce wa Gwaggo ƙarfe ya fi. In ya yi shiru, ranar Juma'a ta biyun za ta bi ta farko. In ya sake wata ƙarya, wace iri, kuma har yaushe? Ya yi tunanin ɓatar da gwangwanin allurai. Ya yi tunanin karya sabon hannun ya ce faɗuwa ya yi. Kowace dabara ya ɗauko sai ya ga za ta kare fuska ta biyu, amma ranar da Gwaggo ta ji ta farko za ta ɗora wa kanta laifi.

Ita kuwa fura take dama masa da nono mai yawa, ta aiko har gona. Ya ji ta a bakin rijiya tana cewa, "Wada nawa. Shi ya zaɓo da kansa, cikin dubu."

Ranar Juma'a da hantsi ya ajiye hauya ya dawo. Ya tarar da ita a ƙofar ɗaki, garmaho a buɗe, faifai a kai, fuska ta biyu a sama. Tana lalubar allura da yatsu tana ƙoƙarin ɗaurawa.

"Yauwa, zo ka gwada mini. Na kasa haƙuri. Nike son in ji shi ni kaɗai kafin gayyar Tala ta cika mini gida."

Ya kama hannunta. Bai taɓa yi ba. Ta ɗago ta dube shi.

"Mi ya faru?"

"Kada ki sa, Gwaggo."

Ya durƙusa. Ya faɗa mata da kalmomi kaɗan, don ba shi da wasu. Mai gyara ya tambaye shi, ya yi ƙarya. An nuna masa wanda ya dace, ya ƙi shi don ya tsufa, don wani abokinsa na tsaye. Allurar ta fere fuskar farko. Ya ciro zaren daga aljihu ya zuba mata a tafi.

Ta murza shi da babban yatsa. Ta ɗauki faifan ta kai bakin haske, ta juya shi, ta bi layukan a hankali. Inda ta saba jin santsi ta ji kaushi.

"Tun yaushe ka gani?"

"Tun na farko."

"Ka sake sawa."

"Na sake."

"Sau biyu."

"Sau biyu."

Ya jira zagi. Da ta ɗauki muciya ta rafka masa da ya gode. Ta dai miƙo masa faifan.

"Sa mini in ji."

"Zai ƙarasa shi, Gwaggo."

"Abin da ya mutu ba shi sake mutuwa. Sa."

Ya sa. Wata ƙara ta cika tsakar gidan kamar ana suya a mai. Can ƙasa, nesa, ana jin bugun ganga, da wani abu mai kama da murya, ba kalma ko ɗaya da za a kama. Ta zauna tana bin waƙar da leɓe, don ta san inda kowane baiti yake. Da aka zo wurin jakin ta daina motsa leɓe, ta miƙa wuya. Suya kawai. Aka wuce wurin.

"Ya isa," ta ce.

Bayan la'asar mutane suka zo, har da waɗanda ba su zo ranar Talata ba. Wada na cikin ɗakinsa, yana jin kome ta cikin zana. Ya ji Gwaggo ta tare su a zaure.

"Ku yi haƙuri. Abin ba shi da lahiya yau."

"Ina likitan nasa?" in ji Tala. "Ɗan lakol! Fito ka ba shi kinin!"

"Ki bar mini yaro, ya gaji. Ni na taɓa abin da ban iya ba."

Wada ya kifa fuska a gwiwa. Ya so ya fita ya ce ba haka ba ne. Ya ji takun mutane na raguwa, bai tashi ba.

Litinin ya koma Maradi. Ya ajiye sabon hannun a teburin Shu'aibu ya ce a ba shi tsohon. Shu'aibu ya dubi hannun, ya ga baƙin gari maƙale a bakin kan, ya shafo da yatsa. Bai ce Bagobiri ba, bai ce bawana ba.

"Muryar wa?"

"Mijin gwaggona. Ya rasu."

"Fuskokin duka biyu?"

"Ɗaya."

Shu'aibu ya ɗauko tsohon hannun ya goge shi da tsumma, ya sa masa mai a gwiwa, ya nuna masa yadda ake ɗaure ɗan ƙarfen gindi har kan ya sauka a hankali kamar tsuntsu. "Ka sani fa," ya ce, "irin wannan faifan ko da ƙaya yana ci. Kaɗan-kaɗan ne dai. Ba a yi shi don ya daɗe ba."

Wada ya ɗaura hannun ranar Talata. Ya je bakin gulbi ya yanko ƙayar aduwa, ƙayar ta soke shi a wurare uku, ya shanya a kan rumbu, ya goga bakin kowace a dutse har ya daidaita. Ranar Juma'a bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma da kansa, ya fito da garmaho, ya ɗaura ƙaya, ya juya mariƙi. Ya je ƙofar ɗakinta.

"Gwaggo, na gyara. Wannan shi ne daidai. Ba nauyi."

Ta fito da faifan a rawani, ta zauna, ta ɗora shi a cinya. Ta shafa tsohon hannun, ta taɓa bakin ƙayar. Ba ta kwance rawanin ba.

"Da can ban san shina cinyewa ba," ta ce. "Ni ce nike kamar dutse ne. Faɗa mini, ƙayar ma tana ci?"

Ƙarya na nan a bakinsa, ƙarama, mai sauƙi, wadda za ta mayar mata da Juma'arta. Ya haɗiye ta.

"Tana ci. Kaɗan-kaɗan."

"Har ya ƙare."

"Da sauran lokaci, Gwaggo. Da saura sosai."

"Haka ka ce da ƙarfe."



Ta ɗora tafinta a kan rawanin. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Ɗaya ta rage mini. A bar ta."

Ta shiga ɗaki da faifan. Ya ji tana sauke tukwanen jerenta ɗaya bayan ɗaya har ta kai ta ƙasa, sannan ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Daga ciki ta ɗaga murya, ba fushi a ciki, ba kome.

"Wada, hadari na tahowa. Shigar da abin nan, ka ɗaure akuya."